Mota Na Nan, Ina Mutanen? Sharhi Kan Kashe Gobara a Karkarar Amurka

Wanda ya san Amurka ta fim zai ɗauka duk inda wuta ta tashi akwai ma'aikata zaune a tasha, dare da rana, suna jiran ƙararrawa. Haka abin yake a Niyok da Shikago da sauran manyan birane. Da an fita karkara kuwa, labari ya sha bamban. Ƙididdigar ƙungiyar NFPA, wadda ita ce madogara kan harkar gobara a ƙasar, ta nuna cewa a 2020 'yan kwana-kwanan Amurka sun ɗan haura miliyan ɗaya, kuma 676,900 daga cikinsu, wato kashi 65 cikin ɗari, 'yan sa kai ne. Wani manomi ne, wani makanike, wata malamar makaranta, kowa yana kan sana'arsa har sai 'yar na'urar da ke rataye a ƙugunsa ta yi ƙara, ko saƙo ya shigo wayarsa daga cibiyar kiran gaggawa ta 911. Nan take zai ajiye abin da ke hannunsa, ya ja motarsa zuwa tasha, ya sa kayan aiki, ya jira hannuwa su cika, sannan motar kwana-kwana ta fita. Hukumomin kashe gobara a ƙasar sun haura 29,000, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari nasu ko dai duka 'yan sa kai ne, ko kuma su ne mafi rinjaye.

Tsarin ya girmi ƙasar kanta, domin a 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyarsa ta 'yan sa kai a Filadelfiya, shekara 40 kafin 'yancin kai. Yau yana cikin matsi, kuma duk wanda ya zauna da shugabannin tashoshin karkara zai ji suna kukan kuɗi da tsadar mota. Kukan nasu gaskiya ne. Sai dai ni a ganina abin da ya fi ƙaranci lokacin mutane ne, musamman sa'o'in rana na ranakun aiki. Gundumar da ta gane haka tana iya gyara lamarinta. Wadda ba ta gane ba za ta ci gaba da sayen motoci masu ƙyalli alhali babu mai tuƙa su da hantsin Talata.

Bari mu fara da ita gundumar. A jihohi da yawa, mutanen karkara da ke wajen iyakar kowane gari sukan kaɗa ƙuri'a su kafa wata 'yar ƙaramar gwamnati mai aiki ɗaya tak, wato kashe gobara da kai ɗaukin gaggawa. Tana da iyaka a taswira, tana da kwamishinoni da jama'a ke zaɓa, tana kuma da ikon ɗora haraji a kan gidaje da filaye. Irin waɗannan gundumomi masu cin gashin kansu sun kai kusan 6,000. A jihar Niyok kwamishinoni biyar ake zaɓa, a watan Disamba, kuma sau da yawa masu fitowa zaɓen ba su taka kara sun karya ba. Su ne ke tsara kasafi, su sayi kaya, su kuma sa ido kan shugaban 'yan kwana-kwana, wanda shi ma galibi yana da wani aikin da yake ci da iyalinsa.

Amfanin harajin ya fito fili a abin da ya faru a jihar Tenesi a watan Satumban 2010. A lokacin, a yankin Obion babu hukumar kashe gobara ta karkara gaba ɗaya, sai dai garin South Fulton yana kai ɗauki ga duk mai gidan da ya biya dala 75 a shekara. Wani magidanci bai biya ta shekarar ba, gidansa ya kama wuta, aka ƙi fitowa. Da wutar ta doshi filin maƙwabcinsa wanda ya biya, sai motoci suka zo suka kare na maƙwabcin, gidan kuwa ya ƙone ƙurmus. Ƙasar ta ɗauki zafi, aka yi ta tsine wa ma'aikatan. Ni dai laifin na fi ganinsa a tsarin da ya mayar da kashe wuta kamar kuɗin shiga ƙungiya. Idan za a zo wa wanda bai biya ba, gobe babu mai biya. Idan ba za a zo ba, an sa mutumin kirki ya tsaya yana kallon gidan ɗan'uwansa yana ci. Haraji na bai ɗaya ya raba kowa da wannan tsaka mai wuya.

Harajin ma yana da nasa takunkumin. A jihar Washinton, alal misali, gunduma ba ta wuce dala ɗaya da rabi a kan kowace dala 1,000 ta darajar kadara, wato gidan dala 300,000 ba zai biya fiye da 450 a shekara ba. Sannan jimillar abin da take karɓa ba ta ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, ban da sababbin gine-gine, sai ta koma wurin masu zaɓe ta nemi izini. Farashin kaya kuwa bai san da wannan doka ba. Sabuwar motar famfo a yau tana doshin dala miliyan ɗaya, kuma akan yi shekaru ana jiran a ƙera ta. Rigar shiga wuta da wandonta na mutum ɗaya suna cin dubban daloli, ƙa'ida kuma ta ce a daina amfani da su bayan shekara goma da ƙera su ko da ba su yage ba. Tukunyar iskar da ake goyawa a shaƙa cikin hayaƙi ta fi su tsada. Shi ya sa har yanzu ake ganin 'yan sa kai suna soya kifi da gasa kaji suna sayarwa, ko su tsaya a mararraba da takalmin aiki a hannu masu wucewa suna jefa musu kuɗi. Wasu kuma tsofaffin motocin soja suke karɓa ta hannun hukumar gandun daji su ɗora musu tanki. Duk sa'ar da mutum ya ɓata yana soya kifi, an zare ta ne daga ɗan lokacin da iyalinsa suka yarda ya ba tasha.

A nan ne gizo yake saƙa. A 1984 'yan sa kai sun kai 897,750, ke nan an rasa sama da 200,000 cikin shekara 36, alhali yawan jama'ar ƙasar ƙaruwa ya yi ta yi. A Fensilbaniya abin ya fi muni: rahoton da wani kwamitin majalisar jihar ya fitar a 2018 ya ce daga kimanin 300,000 a shekarun 1970 sun dawo kusan 38,000. Akwai masu cewa matasan yanzu ba su da kishin al'umma. Ban yarda da wannan ba. A da, wanda ke zaune a ƙauye a ƙauyen yake aiki, a gonarsa, ko a injin niƙa, ko a masana'antar da ke bakin gari, kuma mai masana'antar maƙwabcinsa ne, da jin jiniya zai ce maza ku tafi. Yanzu ƙananan gonaki sun haɗe sun zama manya masu buƙatar hannu kaɗan, masana'antun sun rufe, mutum yana tuƙin minti arba'in ko awa guda zuwa wurin aikin da hedikwatarsa ke wata jiha. Miji da mata duka suna aiki, babu mai riƙe yara idan kira ya shigo. Mu da muka san gayya mun san ba ta yiwuwa sai majiya ƙarfi suna gari. Idan samari sun tafi ci-rani, komai son mutane da taimako, gonar ba za ta nomu ba. Waɗanda suka rage su ne dattawa: a garuruwan da ba su kai mutum 2,500 ba, kimanin ɗaya cikin uku na 'yan kwana-kwana sun kai shekara 50 ko sun haura.

Saboda haka sunayen da ke rubuce a allon tasha suna iya ruɗar mutum. Gunduma tana iya cewa tana da mutum talatin, da daddare ko ranar Asabar goma sha biyu su fito, amma da ƙarfe goma na safiyar ranar aiki a samu biyu, ɗayansu ma ɗan fansho ne da likita ya hana shi goya tukunyar iska.

Wuta kuwa ta ƙara sauri. Masu bincike na cibiyar UL sun shirya ɗakuna biyu, ɗaya da kayan ɗaki irin na da, na katako da auduga, ɗaya da na zamani masu soso da roba, suka cinna musu wuta. Na da ya ɗauki kusan rabin awa kafin ɗakin duka ya kama gaba ɗaya, na zamani bai kai minti biyar ba. A ajiye wannan kusa da ma'aunin NFPA 1720, wanda aka tsara domin hukumomin 'yan sa kai. Abin da yake nema a karkara shi ne mutum shida su hallara a wurin cikin minti 14, a kashi 80 cikin ɗari na kiraye-kiraye. Wurin da ya kai nisan mil takwas kuwa ba a ma sa masa adadin minti ba, mutum huɗu kawai aka ce. Akwai kuma ƙa'idar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta OSHA ta kafa a 1998, wadda ta zama jiki a aikin: kafin mutum biyu su shiga gini mai ci, dole wasu biyu su tsaya a waje a shirye don ceto su, sai fa idan an san akwai rai a ciki. Mutum uku da suka iso da mota ba su da izinin shiga. Gaskiyar da ya kamata kowace gunduma ta faɗa wa mutanenta ba tare da ɓoye-ɓoye ba ita ce, a gida mai nisa abin da zai fitar da iyali da ransu ƙararrawar hayaƙi ce da ke manne a silin. Motar tana zuwa ne ta hana wutar tsallakawa rumbu da gidan maƙwabci. Shugaban da ya kashe wani abu daga kasafinsa yana bi gida-gida yana liƙa wannan ƙararrawa bai yi asara ba.

Sai batun ruwa, wanda ɗan birni ba ya tunawa da shi. A karkara babu kawunan famfo a bakin titi, don haka ɗauko ruwan ake yi. Tanka mai cin galan 2,000 zuwa 3,000 za ta zo ta juye a wani tafki na tamfol da ake warewa a ƙasa, motar famfo tana zuƙa daga ciki, ita kuma tankar ta koma kogi ko kududdufi, inda aka riga aka binne bututu don saurin cikawa. Kamfanin ISO, mai auna ƙarfin hukumomin kashe gobara domin kamfanonin inshora, yana ba da daraja daga 1 zuwa 10, kuma kusan kashi 40 na makin a kan ruwa yake. Kafin ya yarda da ruwan tanka, sai an nuna ana iya zuba galan 250 a minti ɗaya har awa biyu ba yankewa. Galan 30,000 ke nan, sawu goma na babbar tanka. Kowace tanka tana son direba, wurin cikawa yana son mutum, wurin juyewa yana son wani. Ashe maganar ruwa ma maganar hannuwa ce. Gidan da ya wuce mil biyar daga tasha kuwa yakan faɗa daraja ta 10, wadda ake ɗauka kamar babu kariya, kuɗin inshorarsa ya hau. Wannan ne ke sa gundumomi gina ƙananan tashoshi a lunguna, su ajiye mota, taswira ta yi kyau, ko da masu fitar da motar ba su wuce biyu ba.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne gobara ta zama ɗan ƙaramin kaso na aikin. A 1980 hukumomin ƙasar sun amsa kira kusan miliyan 11, kusan miliyan uku na gobara. Yanzu kiran ya haura miliyan 36 a shekara, gobara ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba, kusan biyu bisa uku kuwa na rashin lafiya ne: ciwon ƙirji, numfashi ya sarƙe, tsohuwa ta faɗi ta kasa tashi, haɗarin mota. Inda asibitin karkara ya rufe, tafiya ɗaya da mara lafiya tana iya cinye awa uku. Saurayin da ya shiga da burin riƙe mesa sai ya tarar ana tashinsa tsakar dare sau uku a mako don ɗaga dattijo daga ƙasa. Aikin lada ne babba, amma yana cinye mutum a hankali, kuma wanda ake zuwa dominsa sau da yawa sananne ne, ɗan'uwa ko abokin makaranta ko ɗan maƙwabci da aka zaro daga motar da ta kife.

Horo ma ya yi nauyi. Matakin farko na shaidar aiki yana cin sa'o'i fiye da ɗari a yawancin jihohi, a yi shi da yamma da ƙarshen mako na tsawon watanni, kafin a zo ga na jinyar gaggawa da na sinadarai masu haɗari. Wasu tsofaffin hannu suna cewa wannan ne ke korar sababbi, a sassauta. Duk mai wannan ra'ayi ya tuna garin West na jihar Teksas. Ranar 17 ga Afrilun 2013 wuta ta tashi a ma'ajiyar takin zamani da ke gefen garin, 'yan sa kai suka garzaya, bayan kimanin minti 20 kusan tan 30 na takin amoniyam naitiret ya fashe. Mutum 15 suka mutu, 12 daga cikinsu masu kai ɗauki ne, sama da 260 suka jikkata. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta ƙasa ta gano cewa ba a ba su horon da zai sa su san takin yana iya fashewa ba, ba a kuma tsara tun da wuri yadda za a tunkari wurin ba. Jarumta ba su rasa ta ba, sani aka hana su. Ban da wannan, bugun zuciya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan kwana-kwana a bakin aiki, kuma a 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan aiki cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Da OSHA ta fito da daftarin sabuwar doka a Fabrairun 2024 don maye gurbin ta 1980, mai neman ƙarin gwajin lafiya da horo da duba kayan aiki, majalisar 'yan sa kai ta ƙasa, NVFC, ta ce ƙananan tashoshi da yawa ba za su iya ɗauka ba. Ɓangarorin biyu kowa da gaskiyarsa. Abin da ban amince da shi ba shi ne a warware rikicin ta hanyar rage darajar ran ɗan ƙauye. A kai masa horon har tasharsa, a raba shi kashi-kashi, a biya shi sa'o'in da ya zauna. A kuma buɗe ƙofa ga wanda ba zai shiga wuta ba amma zai iya tuƙa tanka, ko tsare hanya, ko rubuta takardun neman tallafi.

To, a biya su mana? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gundumomi da yawa sun koma biyan ɗan wani abu a kan kowane kira ko kowace sa'ar horo. Amma dokar ƙwadago ta ja layi: idan abin da ake ba ɗan sa kai ya wuce kashi 20 cikin ɗari na abin da za a biya cikakken ma'aikaci, yana iya zama ma'aikaci a idon doka, da mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci. Gwamnatin tarayya ta yafe haraji a kan dala 600 na farko a shekara, wasu jihohi suna ba da ɗan fansho bayan shekarun hidima ko rangwamen harajin gida. Waɗannan suna riƙe wanda ya riga ya shiga. Ba sa dawo da mutumin da ke aiki a nisan mil 30 da tsakar rana.

Turai ta bi ta wata hanya da ta fi kama bakin zaren. A Birtaniya ɗan jiran kira ma'aikaci ne, amma ba na cikakken lokaci ba: yana zaune ko yana aiki kimanin minti biyar daga tasha, ana biyansa kuɗin zama cikin shiri duk shekara, da ƙari idan ya fita, yana kuma rubuta sa'o'in da za a same shi, ta yadda tun kafin wuta ta tashi an san ko motar za ta iya fita. A Jamus, inda 'yan sa kai suka kai kimanin miliyan ɗaya, dokokin jihohi sun wajabta wa mai kamfani ya saki ma'aikacinsa idan an kira shi, ya biya shi albashinsa cikakke, ƙaramar hukuma ta mayar masa da kuɗin. Idan 'yan sa kai suka yi ƙaranci, doka ta ba gari ikon tilasta wa mazauna shiga, kamar yadda aka yi a List da ke tsibirin Sylt a 2005. A 2018 kuma Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan wani ɗan sa kai na garin Nivelles a Beljiyam wanda aka wajabta wa zama a gida ya isa tasha cikin minti takwas, ta ce wannan zaman jiran lokacin aiki ne. Hukuncin ya tayar da hankalin Faransa, inda kusan huɗu cikin biyar na 'yan kwana-kwana 'yan sa kai ne. Amma ya faɗi abin da matar kowane ɗan jiran kira ta sani: mutumin da ba zai iya yin nisa da gida ba, ba zai iya zama shi kaɗai da yara ba, ya riga ya ba da wani abu ko da ƙararrawar ba ta kaɗa ba.

A Amurka abin da ya fi yaɗuwa shi ne gauraye: a ɗauki mutum biyu ko uku da albashi su riƙe tasha daga safe zuwa yamma a ranakun aiki, 'yan jiran kira su karɓi dare da ƙarshen mako. Tallafin tarayya na SAFER yana taimakawa wajen ɗaukarsu, sai dai na 'yan shekaru ne, bayan nan nauyin ya dawo kan harajin gida. Haɗa masu albashi da marasa albashi a tasha ɗaya kuma yana son shugaba mai adalci, domin da 'yan sa kai sun ji an mayar da su masu wanke mota, sai su janye, gunduma ta wayi gari tana buƙatar albashin mutum goma sha biyu maimakon uku. Akwai yarjejeniyar taimakon juna tsakanin maƙwabta, inda kira ɗaya ke tayar da tashoshi uku ko huɗu lokaci guda. Tana ceton rayuka, amma tana rufe rauni, don tashoshi huɗu ne ke haɗa mutanen da ɗaya ke fitarwa a da, kuma duk lokacin da suka taru a wuri ɗaya sauran yankin yana nan babu kowa. Haɗe gundumomi biyu su zama ɗaya yana rage kuɗin ofis da yawan motocin da ke zaune, sai dai mutane suna shiga ne saboda sunan garinsu da ke jikin ƙofar mota, wadda uba da kaka suka tuƙa. Inda aka haɗa asusu da horo da shugabanci aka bar wa kowace tasha sunanta, abin ya fi karɓuwa.

Kafin kwamishinoni su zaɓi ko wanne daga cikin waɗannan, akwai takarda ɗaya da ya kamata su nema daga shugabansu kowane wata: kowane kira, ƙarfe nawa ya shigo, minti nawa kafin mota ta fita, mutum nawa ke cikinta, nawa daga cikinsu ke da izinin shiga wuta, sau nawa kuma aka kira babu wanda ya amsa sai maƙwabta. Cibiyar 911 tana da yawancin waɗannan bayanai a ajiye. Da wannan takarda ake zuwa gaban masu zaɓe idan za a nemi ƙarin haraji, a nuna musu sa'o'in da babu kowa, a faɗa musu nawa albashin mutum biyu zai ƙara a kan harajin kowane gida, su kaɗa ƙuri'a suna sane da abin da suke saya.